Ƙafar Kanar Prewitt a Gindin Tuffa

Corydale, Indiana
Fabrairu, 1884

Yaya Orpha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da shanunki da kajin nan naki marasa kunya. Mu nan lafiya sai sanyi. ’Yata Lavinia tana gaishe ki, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta. Na san za ki ce yau kuma wace rana, Lem ya tuna yana da dangi a hayin kogi. Ki faɗa, ba zan musa ba.

Maganar ƙafata ce ta kawo ni. Ba ta katakon ba, wannan ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ta hagun nake nufi, wadda likitan soja ya yanke a kan teburin kicin ɗinki ranar da aka gwabza a bakin rafinku lokacin yaƙin basasa, shekara ashirin da ’yan kai ke nan. Tun shigowar hunturun nan ta hana ni sakat. Ji nake yatsun sun hau kan juna, babban ya lanƙwashe ƙarƙashin ’yan’uwansa, kamar an cusa ƙafar cikin takalmin yaro. In na kai hannu zan sosa, sai in sosa iska.

Akwai wani tsohon soja, Saje Hobb, mai gadin ƙofar majalisarmu, shi hannu ya baro a Tennessee. Ya gan ni ina cije leɓe a bakin matakala, sai ya ce, “Kanar, ƙafar ce?”

Na ce, “Wace ƙafa, Hobb? Wadda babu?”

Ya ce, “Ita fa, ranka ya daɗe. A karkace aka binne ta. Ni nawa hannun ya daɗe yana gasa mini aya, sai da ƙanena ya je ya tono shi, ya tarar da yatsun a dunƙule. Ya miƙe su ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Ranar na yi barcin da matata ta kira maƙwabta, ta ɗauka na wuce.”

Na yi masa dariya, don ni lauya ne, ɗan majalisar dattawan jiha, ba a san ni da camfi ba. Amma ga ni ina rubuto miki, ki auna da kanki inda ciwon ya kai ni.

Na tuna da ana ɗora ni a keken doki kin ce mini, “Kada ka damu, tana lambu.” To a matsayina na lauya ina sanar da ke cewa ƙafar nan tawa ce, ban sayar ba, ban ba da kyauta ba, ajiya ce kawai. Ina roƙo in sanyi ya wuce ƙasa ta saki ki sa a tono ta, a miƙe yatsun, a mayar. Aikin safiya ɗaya ne.

Ƙanenki mai takalmi ɗaya,
Lemuel Prewitt

Rafin Sorrel, Kentucky
Maris, 1884

Lem,

Na samu takardarka, na ji kuna lafiya, na gode Allah. Ni ma lafiya, sai gwiwa da ke faɗa mini ruwa na tafe. Ka gaida Lavinia, ka ce mata Allah ya ba ta ladan zama da kai.

Wato yanzu ƙafar ta fara magana. Ai ta yi haƙuri. Shekara ashirin kana cin abinci da ita. Duk zaɓe sai jarida ta kawo mana labarin ka hau dandamali, ka buga katakon nan ƙwas, ka ce ka bar ƙafarka a Kentucky don ƙasar nan ta zauna ɗaya, a yi ta tafi. Ko sau ɗaya ba ka tambayi wa ke share mata ganye ba.

To bari in ajiye wasa, don akwai abin da ba ka sani ba. Zazzaɓi ya ɗauke ka a lokacin, ni kuma ban ga amfanin faɗa maka daga baya ba.

Ka tuna farin da aka yi a shekarar. Ƙasa ta zama kamar dutse. Washegarin yaƙin, Isom Bell, maƙwabcina, ya zo ya ce in biyo shi. A jikin shingen masara muka sami ɗana Dabney, cikin kakinsa mai ruwan toka na ’yan Kudu, ba takalmi, wani ya riga ya cire. Kai kuma kana kwance a falona cikin shuɗin kakin ’yan Arewa, ba ka san inda kanka yake ba. Ni da Isom muka yi ta saran ƙasa a gindin tsohon itacen tuffa tun safe har rana ta yi sanyi, rami ɗaya muka iya.

Da na dawo ɗaukar bargon da zan naɗe shi, na bi ta bayan kicin, inda likitoci ke wurgo abin da suka yanke ta taga. Na gane taka a cikin tulin, saboda tabon laujen nan da ka taka a gonar Kaka muna yara, ranar da na goya ka har gida kana ihu. Aladu sun fara zagaya wurin. Ban iya barinta ba. Na naɗe ta a bargo ɗaya da Dabney, daga wajen ƙafafunsa.

Ka ga ke nan ba aikin safiya ɗaya ba ne. Wanda zai tono ƙafarka sai ya buɗe ɗana. Shi kaɗai Allah ya ba ni, ubansa ma bai rayu ya ga girmansa ba. Ka yi haƙuri, Lem, ba zan yi ba. Ka jiƙa tsumma a ruwan zafi da gishiri ka ɗaura a dungulmin, ka kuma rage surutu.

Yayarka,
Orpha Gaines

Corydale
Afrilu, 1884

Yaya Orpha,

Ina gaisuwa, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Takardarki ta kwana biyu a aljihuna, na rasa ta inda zan fara amsawa. Na tsaya gaban alƙalai da yawa ban taɓa rasa bakin magana ba sai wannan karon. Ban sani ba, Yaya. Da na sani da ban zo miki da zancen ajiya da lauyanci ba.

Wani abu yana faruwa da ni da ban faɗa wa likita ba, don kada ya rubuta ni cikin mahaukata. A watan jiya muna zaune a majalisa da rana tsaka, ana ta gardama a kan gadar jirgin ƙasa, sai na ji ruwa ya shigo tsakanin yatsuna. Ruwa mai sanyi, yana tafiya a hankali, har da ɗan yashi. Na duba ƙasa, dardumar majalisa a bushe take. Na lumshe ido, sai ga ni a lambunki, ina jin ƙanshin jiƙaƙƙen ɓawon itace da kukan kwaɗi. Da aka kira sunana don kaɗa ƙuri’a ban san me na amince da shi ba. Ki faɗa mini gaskiya, rafin ya yi ambaliya bana?

Ciwon dai yana nan, ya ma ƙaru. Maganin barcin da likita ke ɗiga mini a ruwa ya daina ci. Lavinia ta ce na rame har kwalar rigata tana yawo a wuyana. Don haka ki gafarce ni, zan sake roƙo, ba da bakin lauya ba, da bakin yaron da kika goya. Ba sai an buɗe duka ba. A haƙa daga wajen ƙafafu kawai, ko a miƙe ta a nan, ko a dawo mini da ita gida, duk wanda ya fi miki sauƙi. In kin sake cewa a’a, na ji.

Ƙanenki,
Lem

Rafin Sorrel
Mayu, 1884

Lem,

Muna lafiya, gwiwa ta lafa da shigowar ɗumi. Saniyata ja ta haihu.

Eh, rafin ya tumbatsa a watan Maris, ruwa ya kwanta a lambu har ya rufe gindin tuffa. Da na karanta wa Isom wannan wurin a takardarka, sai ya cire hula ya sosa kai ya ce, “To uwargida, ki tambayi Kanar ko zai riƙa faɗa mana ranar da ya kamata mu yi shuka, tunda shi ne a ƙasan.”

Yanzu itacen ya yi fure, fari fat, ƙudan zuma na ta guɗa a kansa tun safe. In iska ta kaɗa, furen ya zubo ya rufe wurin kamar an shimfiɗa zanen gado. Me kake ji yanzu? In ka ji wani abu mai laushi yana sauka maka a tafin ƙafa, shi ne. Kullum da yamma nakan ɗauki kujera in zauna a can ina ɓarar wake, ina ba Dabney labarin gari. Kwanan nan na fara gaishe da ƙafarka ita ma. Ta fi ka iya sauraro.

Na yi ta juya roƙonka, kuma zan faɗa maka abin da ke hana ni, don kada ka ɗauka taurin kai ne irin na gidanmu. Ni ban taɓa ganin ƙashin ɗana ba. A idona har yau yana nan yadda na naɗe shi, ɗan shekara goma sha tara, gashi ya zubo masa a goshi, da ɗan gemun da yake ta alfahari da shi alhali bai kai a kira shi gemu ba. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi. Ina tsoron in an ɗaga bargon nan in ga wani abu dabam, wannan ɗin ya goge, kuma ba ni da wani. Ko hoto bai taɓa ɗauka ba.

Na aiko maka da kwalbar zuma ta hannun mai kai wasiƙu. Ta furen itacen ce, ta bara.

Orpha

Rafin Sorrel
Yuli, 1884

Kanar Prewitt,

Ina fatan kana lafiya, tunda jarida ta ce lafiyarka ƙalau.

Matar fasto ce ta kawo mini ita har gida, ta tsaya tana kallon fuskata ina karantawa. An ce jam’iyyarku za ta turo tawaga Kentucky a ɗauko ƙafar jarumi daga ƙasar ’yan tawaye, a kai ta Corydale a akwati mai tuta, da ’yan badujala da harbin igwa, a binne ta a dandalin gari kafin zaɓe.

Na koma na duba takardarka ta Afrilu, ga shi nan ka rubuta da hannunka, “a dawo mini da ita gida.” Ashe wannan ne gidan. Ni ina zaune ina ba ka labarin fure da gemun ɗana, kai kana shirya ganguna.

Ka faɗa wa tawagarku bindigar mijina tana bayan ƙofa, kuma har yanzu idona yana gani. Kada ka sake rubuto mini.

Orpha Gaines

Corydale
Agusta, 1884

Yaya Orpha,

Kin ce kada in rubuto, amma tun muna yara ban taɓa jin maganarki ba. Ina gaisuwa. Ni dai ba lafiya, ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi.

Ba da bakina aka yi zancen nan ba. Hobb ne ya ba da labari a wurin aski, don a ganinsa abin alfahari ne Kanar ya bi shawararsa. Daga nan ya kai kunnen Mista Crandall, shugaban jam’iyyarmu a gunduma, shi kuma ya kai wa jarida kafin ya zo mini. Ya shigo ofishina yana murza hannu ya ce, “Kanar, ka san yawan ƙuri’ar da ke cikin ƙafar nan? Ai ko gunki muka tsayar ya ci.”

Na ce, “Akwai yaro a ramin, Crandall.”

Ya ce, “Ɗan tawaye ne fa. A ɗan matsar da shi gefe mana.”

Ban san lokacin da na kwance ta katakon na wurga masa ba. Na kuskure shi, ta fasa gilashin akwatin littattafai. Na ce ya je ya nemi ɗan takara mai ƙafa biyu. Ya kuwa samu, don haka bana ba sunana a takarda, ba kuma wata tawaga da za ta zo. Ki mayar da bindigar inda take kafin ki harbi mai kai wasiƙu.

Abin mamaki, ban ji zafin rasa kujerar ba kamar yadda na zata. Ƙafar ta cinye duk wani wurin jin zafi. Likitoci biyu sun duba ni, sun ce jijiya ce ta ƙulle a dungulmin, sai an sake yankewa daga cinya. Sun sa lokaci, ƙarshen Oktoba, in sanyi ya fara. Na tambayi babban ko mai shekaruna yana tashi daga irin wannan, sai ya fara goge tabaransa. Lavinia tana kuka a ɗakin ajiya, ta ɗauka ba na ji.

Ba don ki canza ra’ayi na faɗa miki ba. Ina so ne ki ji daga bakina, ba daga matar fasto ba. Zumar ta iso, nakan lasa kaɗan kaɗan don kada ta ƙare.

Lem

Corydale
Oktoba, 1884

Yaya Orpha,

Shiru har yanzu. Ina fatan fushi ne ba ciwo ba. Kullum Lavinia sai ta leƙa gidan waya ta dawo hannu sake.

Ina so in janye ƙarata, kuma ga dalili. Jiya da hantsi an fitar da ni baranda in sha rana. Ciwon yana nan, amma da na yi shiru na saurare shi sosai, sai na ji akwai wani abu a ƙarƙashinsa, wani nauyi a kan ƙwaurina, mai ɗumi, ba mai zafi ba. Na daɗe ina neman inda na san nauyin nan, can sai na tuna.

Zuwana na ƙarshe gidanki kafin yaƙi, Dabney bai fi shekara bakwai ba. Ya nace sai ya bi ni kamun kifi. Ya yi ta zuba surutu har kifayen suka gudu, daga nan ya kwanta a ciyawa ya ɗora kansa a ƙwaurina ya yi barci. Ƙafar ta mutu mini murus, yatsun suka ƙage, amma ban motsa ba har rana ta karkata, don kada in tashe shi. Ke kika zo nemanmu, kika tsaya a kanmu kina dariya, kika ce yau lauya ya zama matashin kai.

Ƙafar hagu ce, Yaya.

In dai abin da nake ji ke nan, to ba a karkace take ba, aiki take yi. Na iya jurewa rannan, zan iya yanzu. Kada ki taɓa wurin, ko da zuciyarki ta karye saboda takardata ta baya. Ki bar yaron ya yi barcinsa. Likitoci su yi abin da za su yi.

Ƙanenki,
Lem

Rafin Sorrel
Oktoba, 1884

Lem,

Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Takardarka ta ƙarshe, wadda ka ce kada in taɓa wurin, ta iso jiya. Mu kuwa shekaranjiya muka buɗe.

Tun da na karanta zancen yankan nan ban sake zama a gindin itacen da daɗi ba. Sai in ɗauki wake in kasa ɓarewa. Ban yarda da maganar Hobb ɗinka ba, har yanzu ma ban ce na yarda ba. Amma na ce a raina, in aka yanka Lem ya mutu alhali akwai abu ɗaya da ban gwada ba, da wane ido zan dubi itacen nan? Na taɓa goya ka saboda ƙafar nan, ban ga dalilin da zan ƙi yanzu ba.

Da safe muka fara, ni da Isom, tsofaffi biyu da shebur ɗaya. Wannan karon ƙasar ta yi laushi, tuffa sun nuna suna faɗowa a kusa da mu. Na ja layi da sanda na ce masa daga nan zuwa ƙasa kawai. Da muka kai ga bargon sai na karɓi aikin da hannuna. Ka san har yanzu ana gane jan ƙyallen da na yanka daga rigar aurena na ɗinka a jikinsa?

Na shirya wa abubuwa da yawa, Lem, amma ban shirya wa abin da na tarar ba. Ruwan da ya sha kwanciya a wurin da saiwoyin itacen sun motsa komai. Ƙananan ƙasusuwan duk sun haɗu wuri ɗaya, launinsu ɗaya, kamar tsakuwar rafi. Tabon laujenka ya tafi tare da naman. Na durƙusa ina jujjuya su a tafin hannuna. Ni na haifi ƙafafun nan, na wanke su, na cire musu ƙaya, na saƙa musu safa tun suna kamar ɗan yatsana, amma na kasa gane wanne ne na ɗana, wanne ne naka.

Isom ya ce, “Uwargida, in muka ƙara buɗewa sama kaɗan za mu ga inda zarton likita ya ci, sai mu bi daga nan.”

Na ce, “A’a, Isom, layin nan ba za a tsallake shi ba.”

Sai ya ce, “To ai sai ki gyara su duka. Ba wanda zai yi ƙara.”

Haka na yi. Na shimfiɗa sabon ƙyalle na jera ƙafa uku, ta dama ɗaya, ta hagu biyu, kowane yatsa a miƙe, da ’yar tazara tsakaninsu don su sha iska. Na yi iyakar ƙoƙarina, amma na san na cakuɗa. Na zo da safa uku na ulu, na lulluɓe kowace da ɗaya, don abin ya daɗe yana cina cewa ba takalmi na binne shi. Muka mayar da ƙasa kafin rana ta take.

Fuskarsa tana nan, ban rasa ta ba, na duba da na rufe ido. Amma na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar farko, kuma da takardarka ta zo na sake yin wani, har da zaginka a ciki. Da ka rubuta ta da wuri ko da kwana biyu ne. Kai dai ba ka taɓa zuwa a kan lokaci ba.

Yanzu ka faɗa mini abu ɗaya, kada ka yi mini jawabi. Ka yi barci?

Yayarka,
Orpha

Corydale
Nuwamba, 1884

Yaya Orpha,

Ina gaisuwa, Lavinia tana gaisuwa. Na yi barci.

Kin ce ban da jawabi, amma ki bar ni in ɗan yi bayani. Kafin takardarki ta iso ne. Na matsa aka kai ni kotu don in rufe wata tsohuwar shari’ar iyakar gona kafin ranar wuƙa. Lauyan ɗaya ɓangaren yana tsakiyar magana, sai na ji yatsuna suna saki ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kwance igiya. Daga nan ban san kome ba. An ce alƙali ya ɗaga hannu ya ce, “Ku yi a hankali, Kanar yana hutawa,” aka ƙarasa zaman da raɗa. Ban tambayi ko rana ɗaya ce da aikinku ba, kuma ba zan tambaya ba, don ba ni da hujjar da za ta tsaya a gaban kowa. Likita ya zo ya latsa, ya sake latsawa, ya mayar da kayansa jaka ya ce a dakata tukuna. Hobb kuwa ba a iya zama da shi yanzu saboda cika baki.

Ki yafe mini abin da na jawo miki. Na san abin da kika biya, kuma ba ni da bakin godiya.

A barcin nan na yi mafarki ina tahowa daga rafi da ƙafa biyu. Ta daman tawa ce, tsohuwa, tana jan jiki. Ta hagun kuwa ba nauyi, sai zillo take tana gaba, ta san hanyar fiye da ni. Ta kauce wa kututturen da ke bayan rumbu, ta tsallake matakalar nan da ta karye ba tare da na duba ba, ta ja ni har ƙofar kicin. Kina ciki kin ba da baya, kina murza ƙullun burodi. Ƙafar ta tsaya a bakin ƙofa tana rawa don ɗoki. Na farka kafin ki juyo.

Kin ce kin cakuɗa. Ina ganin haka ne, kuma kada ki gyara.

Tun rannan take damuna da son tafiya, kuma kudu take nufa. Lavinia ta sayo mana tikitin jirgin ƙasa, za mu taso kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Kada ki aiko Isom tasha, daga bakin rafi zan sauka in ƙarasa a ƙasa. Ki bar ƙofar kicin a buɗe. In kin ji taku biyu da ba su yi kama da juna ba a kan matakala, ki juyo.

Ƙanenki,
Lem